Dodo Ya Tafi Gaida Mai Ingilishi

A unguwar Bilbis, cikin garin Tawa, babu wanda bai san Dodo ɗan Kumashi ba. Wanda ma bai san shi ba, Dodo da kanshi zai tare shi a hanya ya gyara mishi wannan kuskure. Mutumin ƙauyen Bambai ne, dogo, shekara tamanin da ƴan kai, haƙoranshi na gaba ko ɗaya bai faɗi ba. Lakwal, wato makarantar boko, bai taɓa zama bisa bencinta ba ko na wuni guda. Shina ɗan shekara sha bakwai ya bi manyan Adar zuwa Gana, ya yi dako a kasuwar Kumashi har wuyanshi ya yi kanta. Anka kori baƙi, ya dawo gida bisa tulin buhuna a bayan wata babbar mota, kwana tara. Ya faɗa Legas, can ma anka kore su. Yunwa biyu ta iske shi gida, ta cinye mishi garke kaf, ta bar shi tsaye da ƙafafunshi. Irin mazan da Adar ke haifa ke nan, kuma shi ma ya san da haka.

Amma abin da ya fi tinƙaho da shi Ingilishi ne. A ƙasarmu in an ce Turanci, na Faransa ake nufi, wanda kowane ɗan lakwal ke taunawa. Na Dodo daban ne. A bakin direbobi ya kwaso shi, da ƴan kasuwa, da matan da ke saida kifi. In ya zauna fada, majalisar tsofaffi ta gindin dogonyaro, bayan la'asar, sai ya riƙa jefa shi cikin hira, a fahimta ko kar a fahimta.

Ciɗo, abokin wasanshi tun suna kiwon awaki, shi ɗai ke iya taka mishi birki. Yakan ce, "Kai Dodo, wanga Ingilishi naka, ko Nasara ya ji shi sai ya nemi tafinta."

Dodo ya ce, "Kai da ba ka taɓa wuce Ƙonni ba, mi ka sani? Ni na yi gardama da ɗan sanda cikin Ingilishi, na kada shi. Na yi ciniki cikinshi, na yi jinya cikinshi, har zawarci na yi cikinshi. Kai fa? Jakinka ma ba ya jin maganarka."

Cikin jikokinshi akwai Rahinatu, ɗiyar ɗanshi Hasan da ke can Abijan shekara da shekaru. Ita ce ta gado shi. Tun tana ƙarama take zama kusa da shi tana kwaikwayon bakinshi, da ta shiga lise, babbar sakandare, kuma ta haɗu da Madam Rahila, malamar Ingilishi, wata Kirista mutuniyar kudu, wadda ta riƙe ta tamkar ɗiyarta. Da Rahinatu ta gama, sai ga labari mai daɗi: an ba ta bursi, wato tallafin karatu kyauta, za ta tafi koyon aikin ruwa da gina rijiyoyi. Kuma a ina? A Kumashi. Sharaɗi guda ne. Sai ta kai takardar shaidar cewa ta iya Ingilishi kafin ƙarshen wata. Masu shirya wannan egzame kuwa, wato jarrabawar, sau ɗaya za su zo Tawa a shekarar, ranar wata Asabar. Wanda ya rasa ta, ya rasa bursi.

Uwarta Kaltumi shekara guda cur ta ɗauke mata daka da wanki da ɗibar ruwa, don kawai ta zauna da littattafanta. Gidan duka ya koma tafiya a hankali saboda karatun Rahinatu.

Ana saura kwana uku, Dodo ya iske ta a zaure da takardu baje bisa tabarma.

Ya ce, "Amarya, wai ke ce za ki gudu Kumashi ki bar mijinki?"

Ta ce, "Wane miji? Tsohon da in ya durƙusa sai an taru a ɗaga shi? Can zan samo saurayi mai mota."

"Za ki gani. Kumashi duk ƴaƴan abokaina ne. To wai mi ne ne wagga takarda? Ni da na shiga garin nan, wa ya tambaye ni takarda? Na buɗa baki, anka ji, anka ba ni kaya na ɗauka."

"Zamani ya sake, angona. Yanzu ko mutanen Gana ba su yarda ka iya ba sai ka nuna takarda mai hatimin Ingila."

Dodo ya ja gemu. Ya ce, "Wato Ingilishin ma da mai shi."

"Da mai shi mana."

"Kuma zai zo Tawa?"

"Wakilinsu zai zo jibi. A otel za a yi."

Ta koma ga karatunta, ba ta san abin da ta kunna ba.

Shi Dodo duk rayuwarshi abu guda ya tsare shi, kuma ya sha faɗa wa yara. Kome na duniya da mai shi, kuma ba a taɓa kayan mutum sai an gaida shi. In ka kora dabbobi arewa wajen Tebaram, ba ka zura guga a rijiya sai ka fara zuwa wurin mai rijiyar, ka durƙusa, ka aje ɗan abin da ka riƙo. A Kumashi bai ɗauki ko kwando ba sai da ya kai gaisuwa gidan sarkin zango. Masu girman kai da sunka ƙi yin haka, ya ga yadda sunka ƙare. To yanzu a ce jikanya tashi za ta shiga gonar mutane, babba bai riga ta zuwa ya yi sallama ba? A ce ɗiyar ba ta da kowa? Hasan ba ya nan. Wa ya rage in ba shi ba? Ga shi kuma duk Bilbis shi ɗai ke jin harshen mutanen.

Bai gaya wa kowa a gida ba. Aikin manya ne, ba a shawara da yara.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci, ya sa babbar rigarshi mai aiki, ya naɗa rawani, ya kwance farin ragon da ya shekara biyu shina kiwo, ya ɗaure cuku goma cikin ƙyalle mai tsabta. Ya ja ragon da ƙafa tun daga Bilbis, ya bi ta gaban fada da gangan.

Ciɗo ya ce, "Ina zuwa, ango? Ko an ba ka wata?"

"Zan tafi in ga mai Ingilishi. Ku zauna nan ku tsare inuwa, kar ta gudu."

A otel ya ɗaure ragon a gindin wani icce cikin fili, ya tambaya, anka nuna mishi wani dogon ɗaki. Ya yi sallama ya shiga. Tebura ne jere, kowane da kujera guda. Wani mutum baƙi kamarshi, mai tabarau, shina ta jona wayoyi.

Dodo ya ce, "Samari, ina maigidan naka?"

Mutumin ya ɗago, ya gaida shi da ladabi da Hausar Damagaram. Ya ce sunanshi Salisu, kuma shi ne anka turo. Dodo ya ɗan ji babu daɗi, don Nasara ya zata. Sai idonshi ya kai kan wani ordinater, wato kwamfuta, da ke buɗe bisa babban tebur, ga fuskar wata mace cikin gilashin, tana motsi, tana kallon ɗakin. Nan take ya gane, a ganinshi. Wanga yaro ɗan aike ne. Ga uwar ɗakin nan.

Ya tattara riga, ya durƙusa gaban tebur, gwiwoyinshi suna ƙara. Ya buɗe Ingilishin nan na Kumashi.

Salisu ya taso da sauri. "Baba, don Allah tsaya. Baba, kar ka faɗi suna!"

Dodo ya ɗaga mishi hannu kamar mai korar ƙuda. Ya gaida matar, ya tambayi gajiyarta da iyalinta. Ya gaya mata ko shi wane ne, da shekarun da ya yi a Gana. Ya ce jikanya tashi na cikin masu egzame gobe, yarinya ce mai hankali, marar uba a kusa. Ya ce ga rago nan waje, ga cuku, ba wani abu ba ne, gaisuwa ce. Ya roƙa a dube ta da idon rahama.

Matar ta saurara har ya gama. Sannan ta tambaye shi, a hankali, sunan yarinyar.

Wani sanyi ya ratsa Dodo. Ta ji! Kalma ko ɗaya ba ta ce ya maimaita ba. Ina ma Ciɗo na nan. Ya faɗi sunan da ƙarfi, Rahinatu Hasan, ya ƙara faɗi don ta rubuta daidai. Ta yi mishi godiya, gilashin ya yi duhu.

Salisu ya zauna bisa kujera ya dafe kai. Ya ce, "Baba, ɗauki kayanka ka tafi gida. Don girman Allah ɗauki."

Dodo ya yi murmushi. Ai haka ake yi, mai karɓar gaisuwa sai ya fara ƙi. Ya aje cukun bisa tebur, ya bar ragon inda ya ɗaure shi, ya kama hanya hannu sake. A fada ya ba da labari sau uku, kowane karo matar na ƙara girma.

Da safe Rahinatu ta yi wanka, uwarta ta yi mata addu'a a bakin ƙofa, ta fita. Dodo na zaure shina shan kunu. Ko awa guda ba a yi ba sai ga ta ta dawo, Madam Rahila na riƙe da hannunta. Yarinyar ta wuce ciki ba ta dube shi ba. Madam ta tsaya, ta rusuna.

Ta ce, "Baba, ina kwana. Jiya kai ne ka je otel?"

"Ni ne. Sun gaya miki?"

"An cire sunan Rahinatu. Sun ce danginta sun kawo toshiya. Ba za ta yi egzame ba yau, kuma an hana ta har shekara uku."

Ludayin ya tsaya a hannun Dodo. Ya ce, "Toshiya? Ni? Ni da na fito da rana tsaka, na bi ta kasuwa da rago kowa na gani? Mai toshiya haka yake yi?"

"Na sani, Baba. Ni na sani. Su ba su sani ba."

Daga cikin gida ya ji wani sauti, ba kuka sosai ba, kamar an toshe baki da zane. Ya aje ƙwaryar, ya ɗauki sandarshi, ko rawani bai tsaya naɗawa ba.

Sai da ya jira a waje cikin rana har anka tashi daga egzamen. Yara suna fitowa biyu-biyu, suna kallonshi, suna kallon ragon da ke ɗaure har yanzu, suna magana ƙasa-ƙasa. Wata ta ce wa ƴar uwarta, "Shi ne kakan." Dodo da ya tsaya gaban sojan Gana bai sunkuyar da kai ba, ran nan ƙasa ya yi ta kallo.

Da Salisu ya fito, ya tare shi. "Ɗana, ni na yi laifin, ba yarinyar ba. Buɗe min akwatin nan in ba matar haƙuri."

Salisu ya ce, "Baba, ba ta da iko. Aikinta ta kalla, ta rubuta abin da ta gani, ta tura. Ita ma ba a Ingila take ba, tana can wajen Indiya, ɗaukarta anka yi aiki kamar ni. Da ta ɓoye, da ita za a kora. Da ni na ɓoye, haka."

"To wa ta tura wa?"

"Ofishi."

"Ofishin wa? Ba mutum ne a ciki ba? Faɗa min sunanshi da garinsu. Na je Kumashi ban san kowa ba, na je Legas. In Yamai ne gobe ina can."

"Ba Yamai ba ne. Shekara shida ina wannan aiki, ban taɓa ganin fuskar wanda ke yanke hukunci ba. Saƙo nake turawa, saƙo ya dawo. Ko muryoyin yaran nan da na ɗauka yau, ban san wanda zai saurara ba."

Dodo ya dube shi da kyau, ya ga ba ƙarya yake ba. Ya ce, "Harshe guda, duniya duka na magana da shi, a ce babu zauren da za a je a yi sallama?"

"Akwai masu shi, Baba. Ƙofarsu ce ba mu sani ba." Ya cire tabarau ya goge. "Abu guda ya rage. A rubuta takardar roƙo, cikin Ingilishi, ka sa hannu. Ni zan tura, in ƙara da abin da na gani. Ban yi maka alkawari ba."

Dodo ya kwance ragonshi. Wanga karo bai bi ta gaban fada ba, ta lungu ya zaga.

Washegari da hantsi, bayan Madam Rahila ta dawo daga coci, sunka zauna a tsakar gidanta su uku. Ta ce Rahinatu ce za ta rubuta da hannunta. Yarinyar ta zo idanunta a kumbure, ta durƙusa har ƙasa ta ce, "Ina kwana, Kaka." Tunda ta iya magana ba ta taɓa ce mishi Kaka ba. Da ta zage shi da ya fi mishi sauƙi.

Ya gyara murya. "Rubuta. Ni Dodo, wanda ya yi shekara tara a Kumashi, wanda ya san Ingilishi tun ba a haifi..."

Madam ta ce, "Baba, yi haƙuri. In ka ce ka san harshensu da ƙasashensu, za su ce to ka san dokarsu. Abin da zai cece ta shi ne su yarda ba ka sani ba."

"In ce mi ke nan?"

Madam ita ma nauyin abin ya kama ta. "Ka ce kai tsoho ne ɗan ƙauye. Ba ka yi lakwal ba, ba ka iya karatu ba, ba ka san yadda ake egzame ba. Ka bi al'adar garinku ne cikin rashin sani. Yarinyar kuma ba ta san za ka je ba."

Dodo ya dubi ƙasa. Kaji na ta tono kusa da ƙafarshi. Duk abin da Madam ta lissafa gaskiya ne, shi ne abin ciwon. Shekara sittin shina gina wani Dodo bisa wancan ɗan ƙauyen, kuma wancan ɗin ake so ya fito da shi, a sa cikin takarda, a aika ƙasar da bai sani ba.

Ya ce, "Rubuta yadda ta ce. Ƙara da cewa jahili ne. Sa musu da kyau, kar su yi shakka."

Rahinatu ta rubuta. Madam ta ce doka ce a karanta wa mai sa hannu abin da zai sa wa hannu, ta fara juya mishi da Hausa. Ya ce a'a, a karanta yadda yake. Rahinatu ta karanta da Ingilishinta mai santsi na lakwal, kuma babu kalmar da ta wuce shi. Ya ji tsoho, ya ji ɗan ƙauye, ya ji jahili, cikin harshen da ya yi shekaru shina taƙama da shi. Anka shafa mishi tawada a babban yatsa, ya danna.

Kwana ashirin bai je fada ba. Ciɗo ya zo har zaure sau biyu, ya zauna, ya yi zancen tsadar hatsi da ciwon baya, bai yi tsokana ko guda ba, ya tashi.

Amsa ta zo a wayar Madam Rahila, layi uku, babu sunan kowa a ƙasa. Sun karɓi bayanin. Sun janye hanin shekara uku. Rahinatu na iya yin egzame baɗi. Amma wata ya riga ya ƙare tun kwana shida, bursin Kumashi an ba wanda ke bin ta a jeri, wani yaro daga Kalfu.

Madam ce ta kawo labarin da la'asar, ta faɗa a zaure, ta tafi. Rahinatu ta ce, "Allah ya sa haka ya fi alheri," ta shige. Dodo ya zauna shi ɗai. Daga ciki shina jin tabarya, Kaltumi na daka, bugu ɗaya-ɗaya, ba ta fasa ba.

Tsakanin suruki da matar ɗanshi akwai kunya mai kauri. Shekara ashirin da biyu Kaltumi na gidan, bai taɓa taka sashenta ba, ba ta taɓa kama sunanshi ba, in sun yi kiciɓis a hanya sai ta juya fuska ga bango ta durƙusa. Kuma tun ranar Asabar ɗin nan tuwonshi bai yi latti ba ko sau ɗaya, ruwan alwalarshi bai yi sanyi ba.

Ya tashi, ya bar sandar a zaure. Ya ratsa tsakar gida, ya cire takalma a bakin sashenta, ya durƙusa cikin ƙasa kusa da turmi.

Ya ce, "Kaltumi."

Tabaryar ta kuɓuce mata. Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta yi baya har ta bugi bango. "Wayyo Baba, tashi! Don Allah tashi, kar mutane su gani!"

"Su gani. Shekara guda kina daka ke ɗai, kina jan ruwa ke ɗai. Ni na zubar miki da ita cikin wuni guda, don in ji daɗin bakina. Ki yafe min."

"Babu kome, Baba, wallahi babu kome," tana faɗi tana kuka cikin mayafi. Ta rasa inda za ta sa kanta, ta faɗa ɗaki ta ja labule.

Ya yunƙura zai tashi, gwiwoyin sunka ƙi. Ya dafa turmi, turmin ya karkata, gero ya zube. Rahinatu ta fito daga ɗaki, ta tsaya tana kallonshi. Sannan ta zo ta sa kafaɗarta ƙarƙashin hammatarshi, ta ɗaga shi tsaye, ta kakkaɓe mishi ƙasa daga riga. Ta raka shi har zaure, ta zaunar da shi, ta koma ciki ta durƙusa tana tsince geron uwarta daga ƙasa.